Ba a Bar Yaya Briskila Ita Kaɗai Ba

A cocinmu an san ni da hali guda, kuma ba na yabo ba ne. Duk gidan da aka yi rasuwa ko ake jinya, in na shiga da safe sai na tashi matan da ke ɗakin, in ce kowa ta fita ta sha iska, in jawo ƙofa in tsaya a bakinta kamar mai gadi. Wasu na cewa Malama Rahila ta cika iyayi. Wasu na cewa tun rasuwar yayata kaina bai dawo daidai ba. Ban taɓa ba su amsa ba sai yau, da izinin waɗanda maganar ta shafa, kuma sunayen duk na canza su.

Yaya Briskila ce babbarmu, ni ce auta. Ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata, wato ƙungiyar matan cocinmu. Wanda ya taɓa zama a sujadarmu ya san yadda abin yake: mata sun jeru da anko, masu buga tulu sun zauna, masu kacau-kacau sun riƙe, amma ba wadda za ta motsa sai mace ɗaya ta ɗaga murya ta ba da layin farko, sannan sauran su amsa. Yayata ce wannan macen. Sana'arta busasshiyar citta, tana sarowa daga Kachia. Mijinta Yakubu direba ne, yana ɗaukar buhunan citta ya bi ta Kagarko zuwa wajen Abuja. Duk bayan 'yan watanni sai ta ci kwalliya ta shiga gaban mota ta bi shi, wai za ta ga masu sayen kayanta. Mu kuwa muna ta tsokanarsu, muna cewa tsofaffi da 'ya budurwa har yanzu ba su gama soyayya ba.

Yakubu ya rasu a haɗarin mota da damina. A wajenmu in miji ya mutu abu biyu ake yi, kuma dukansu da kyakkyawar niyya. Na farko, 'yan'uwansa maza su kulle ɗakinsa su tafi da makulli, sai ranar da dangi suka zauna a buɗe, don kada gobe a ce wani ya ɗauki wani abu. Na biyu, ba a barin gwauruwa ita kaɗai. Matan zumunta suka kwaso tabarmi suka tare a falon yayata. Su ke dafa mata abinci, su ke kai mata ruwa bayi su tsaya a ƙofa har ta fito. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa, Mama Saraya, wadda ita ma mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ce ke kwana da yayata a katifa ɗaya. Kasuwa da tafiya kuwa babu su sai an gama makoki.

Ina nan zaune ranar da Yaya ta kira ƙanin mijinta, ta ce ya ba ta makulli ta ɗauki wani abu. Falon cike yake da mata. Ya amsa da ladabi, da irin Hausar wajenmu da ba ta raba mace da namiji, ya ce, "Wane abu ne, Mama? Faɗa mini in ɗauko maka da kaina." Duk ido ya koma kanta. Sai ta ce, "Bari kawai, ba komai ba ne." Na ɗauka wani zane take so.

Ba a buɗe ɗakin ba sai bayan Kirsimeti. Aka raba kaya, aka yi addu'a, mata suka naɗe tabarmi. Yaya ta koma cittarta da waƙarta, lafiyarta ƙalau, har ta yi ƙiba. Tafiyar Kagarko ce kawai ta daina, kuma wa zai yi mamaki, tunda mai kai ta ba ya nan.

Damina ta biyu ce ta zo da ciwo. Zawo ya fara, ya tafi, ya dawo. Mai kemis ya ce taifot ne, ya ba ta magani, ya lafa kwana kaɗan. Sai wani farin abu ya rufe mata harshe har cikin maƙogwaro, haɗiyar tuwo ta zama aiki. Sai tari. Sai gumi mai jiƙa zane har a matse. Sannan wasu ƙuraje masu zafin wuta suka fito mata a rabin ƙugu, aka fara raɗa cewa jifa ne, wai in suka zagayo suka haɗu shi ke nan. Kowa ya zo da nasa. Wannan ta ce citta da zuma, a gidan mai sayar da citta. Waccan ta ce ganyen dogonyaro. Wani kawunmu ya ce ciwon suga ne, a daina ba ta shinkafa, alhali shinkafar ce kaɗai ke wucewa. Aka kawo man shafawa da aka yi wa addu'a, aka sa mata azumi, mace da ƙashin wuyanta ya riga ya fito. Duk lokacin da na ce mu je babban asibiti sai ta ce, "Gobe." Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi fushi na daina zuwa, na dawo.

Wata ranar Lahadi ta matsa sai ta je coci. Ta miƙe gaban mata, ta buɗe baki, murya ta fito kamar ta wata, kafin ta kai ƙarshen layin ta sulale ƙasa. Daga nan aka wuce da ita asibiti, babu wanda ya tambaye ta ko tana so.

Wanda bai taɓa jinya a asibitin gwamnati ba, bari in gaya masa ya zo da haƙuri da kujerarsa. Layin kati daban, layin ganin likita daban, layin gwajin jini daban, kowanne da bencinsa da ya cika tun kafin ka iso. Ba na zargin ma'aikatan, na ga nas ɗaya tana kula da ɗaki guda cike da gadaje. Mu kuwa mun zo da rundunarmu, mata wajen rabin zumunta, suna waƙa a hankali a baranda. Likitar wata matashiya ce, siririya, mai magana a hankali. Da ta duba bakin Yaya ta ga ƙurajen, sai ta ce kowa ya fita, mutum ɗaya ya tsaya. Uwar zumunta, shugabar matan, ta gyara zama. Yaya ta kama hannuna ta ce, "Rahila."

Da aka rufe ƙofa likitar ta ce, "Mama, ina so mu yi wani gwaji, amma sai kin yarda."

Yaya ta ce, "Ba sai kin yi ba, Dokta. Na san abin da za ki gani."

A nan na ji komai, ina tsaye da jakarta a hannu. Shekaru da yawa ita da Yakubu suna ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, suna shan magani kullum, kuma suna lafiya. Tafiyar Kagarko da muke musu dariya, karɓar magani ce a wani asibiti can inda ba a san su ba. Sukan cire takardar jikin robar su ajiye a akwatin ƙarfen Yakubu, cikin ɗakinsa. Maganin nan take nema ranar da ta roƙi makulli. Da aka buɗe ɗakin, 'yan'uwansa suka ga robobi ba suna, suka ce maganin ƙarfin direbobi ne, suka zuba a masai. Kafin nan ta riga ta yi watanni ba ta sha ba, ga shi ba ta jin komai, ga kunyar komawa a tambaye ta ina ta shiga, ga ba mai kai ta. Sai ta ce wa kanta ƙila Ubangiji ya taɓa ta, ta warke.

Ban yi kuka ba a lokacin. Haushi na ji, irin wanda ke sa kunne ya yi zafi. Ina cikin falon nan ranar, da ta ja ni gefe da na fasa ƙofar da taɓarya. Amma wane gefe? Ko bayi da rakiya take zuwa.

Da sakamakon jini ya fito likitar ta zaunar da mu. Akwai abin da ta kira CD4. Ta ce na mai lafiya yakan haura ɗari biyar, na Yaya bai ko kai hamsin ba. Na ce ta yi mini bayani yadda zan gane, ni malamar firamare ce. Maganarta ta zauna mini har yau.

Ta ce, "Malama, sojojin jiki ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu haɗiye ƙwayar cuta. Akwai masu ƙera abin da zai kama ta. Akwai masu kashe ɓangaren jiki da cuta ta riga ta shiga. To waɗannan da muke ƙirgawa, aikinsu kira ne. Su ke gane cewa baƙo ya shigo, su ta da wannan, su ce wa wancan fara aiki. Ita kuma wannan cuta, cikinsu take shiga ta hayayyafa ta kashe su. Sauran sojojin suna nan, amma ba mai kiransu. Shi ya sa kike ganin farin baki, da zawo, da ƙuraje, da tari. Ba cuta huɗu ba ce ta same ta don rashin sa'a. Abubuwa ne da ke tare da mu kullum, ni da ke jikinmu na korarsu ba mu ma sani ba."

Na ce, "To watannin da ta yi lafiya ƙalau fa?"

Ta ce, "Suna raguwa ne a hankali, ba a jin zafin raguwarsu. Maganin ba ya kashe cutar gaba ɗaya, hana ta hayayyafa yake yi, sai masu kiran su samu su farfaɗo. Ranar da aka daina sha, ta ci gaba daga inda ta tsaya."

Na dubi yayata, na tuna matan da suka tsaya ranar Lahadi da tulu da kacau-kacau a hannu suna jiran layin da bai zo ba. Ita ma na san abin da ta tuna ke nan, don ta kau da kai.

An samu tarin fuka a ƙirjinta. Likitar ta ce za a fara da maganinsa, bayan ɗan lokaci a dawo da ita kan wancan. Ta ce mutane da yawa sun tashi daga inda Yaya take, amma watannin farko su ne masu haɗari. Ta ja mini kunne kan abu biyu: kada a tsallake ranar dawowa asibiti, kuma in Yaya ta ce kanta na ciwo, ciwon da ba ya jin magani, a kawo ta a ranar, kada a jira gobe.

Kafin a buɗe wa mata ƙofa, Yaya ta juya harshe zuwa yarenmu don kada likitar ta ji. Ta ce in yi mata alkawari gaban Ubangiji ba zan gaya wa kowa ba. Ta ce 'yarta Jummai lafiyarta ƙalau, an gwada ta tuntuni, amma ga maganar aurenta ta taso, in dangin yaron suka ji za su janye. Ta ce, "Wa zai sake shan ruwa a gidana? In na ba da waƙa wa zai amsa?" Na ce mata waƙa ba ta fi rai ba. Ta ce, "Ki yi mini alkawari, ko in fasa shan komai." Na yi.

Abin da muka gaya wa mutane shi ne tarin fuka, kuma ba ƙarya ba ne. Bayan sati biyu aka sallame mu, muka koma gida muka tarar an riga an shimfiɗa tabarmi a falo. Uwar zumunta ta tsara komai: waɗannan da safe, waɗancan da rana, Mama Saraya kuma ta koma gurbinta na kwana.

A nan dole in faɗi gaskiya biyu. Ba don matan nan ba da ban san yadda zan yi ba. Ina koyarwa da safe, ba ni da mai taimako. Su suka wanke zannuwan zawo da hannunsu ba tare da yamutsa fuska ba. Su suka dama kunu, suka ɗebo ruwa, suka haɗa abin da suka haɗa a ɗankwali don gwaje-gwaje da kuɗin keke napep, domin ko da yake maganin cutar kyauta ne, duk abin da ke kewaye da shi ba kyauta ba ne. Har in mutu ina gode musu. Amma kuma su ne suka zama mana katanga. Ba minti ɗaya da ɗakin nan ya zama ba kowa. Uwar zumunta tana da al'adar karɓar kowane magani a tafin hannunta ta yi masa addu'a kafin a haɗiye, ta juya shi, ta tambayi, "Wannan na mene ne?" Na tarin fuka nakan miƙa mata ta yi addu'arta. Ɗaya maganin kuwa na ɓoye robarsa a cikin kwandon soso da sabulu, na ce ni kaɗai zan riƙa yi wa yayata wanka. A bayi take haɗiye shi da ruwan da na shigo da shi a kofin wanke baki, tana tsugune, muna saurare ko wani na zuwa. Babbar mace, uwar gida, tana shan maganinta a gidanta kamar ɓarauniya.

Sati na uku da na huɗu ta fara dawowa. Farin bakin ya wanke, ta ci tuwon masara da miyar karkashi har ta nemi ƙari. Wata rana na dawo daga makaranta na ji tana gyara wa mata wata waƙa daga kwance, tana cewa sun ja ta da yawa. Na ce a raina mun tsira.

Sai ranar komawa asibiti ta zo. Wanda ya san asibitin ya san akwai wani gini can baya, kusa da bishiyoyin mangwaro, kuma ba wanda bai san layin mene ne ake bi a wurin ba. Ko ɗan acaba ka ce masa ya kai ka baya, sai ya dube ka ta madubi. Can aka ce mu je. Ni na shirya mu fita mu biyu, sai na fito na ga keke a ƙofa, mata huɗu sun ɗaura anko sun riga sun shiga. Na ce su yi zamansu, mun gode. Uwar zumunta ta ce, "Haba Malama, mu bar shi ya tafi asibiti shi kaɗai kamar ba shi da mutane? Briskila namu ne fa. Ko kana jin kunyan mu ne?" Yaya ta leƙo ta ga keken, ta koma ta kwanta, ta ce jiri take ji, a bari sai wani satin.

Na tafi ni kaɗai da katinta. Na zauna a bencin nan na baya, mahaifin wani ɗalibina ya wuce ya gan ni ya yi kamar bai gan ni ba, na ce shi ya sani. Nas ta ba ni magani na ɗan lokaci, ta ce, "Anti, ba kati muke dubawa ba, mutum muke dubawa. Ki kawo ta." Wani satin ya zo, keke ya sake zuwa da anko a ciki, Yaya ta sake jin jiri. Na shiga bayi da ita na ce ta sake ni daga alkawarin nan, ko mutum ɗaya ne in gaya wa, ko Mama Saraya ce, don ta riƙa kore mana sauran. Ta ce, "Saraya? Wadda ke yawo gida-gida da daddawa? Kafin yamma an ji a kasuwa." Na ce to zan yi musu rashin kunya in kore su duka. Ta ce in na yi haka za su san akwai abin da ake ɓoyewa. Ko ta ina na juya ƙofa a rufe take, ga makullin a bakina, an hana ni amfani da shi.

Ciwon kan ya fara ne a satin jarrabawa, lokacin da nake fita da sassafe in dawo da yamma da takardu a kai. Yaya ta ɓoye mini, don ta san abin da likita ta ce, ta kuma san keke da anko za su biyo baya. Ta roƙi matan kada su gaya wa Malama, tana da aiki. Su kuma da zuciya ɗaya suka rufa mata asiri, suna shafa mata man zafi a goshi, suna ɗaure mata kai da ɗankwali tamau, suna addu'a. A wanka nakan ga tana runtse ido, in tambaya, ta ce sabulu ne. Ban gane ba sai ranar da na dawo na tarar an rufe tagogi da zannuwa don haske na damunta, ta yi amai, ta dube ni ta kira ni da sunan mahaifiyarmu.

Wannan karon ban tsaya jin ra'ayin kowa ba. A asibiti suka ɗebi ruwa daga bayanta da allura. Likitar ta ce wani irin funfuna ne ya kai ga rufin ƙwaƙwalwa, abin da ke cikin ƙasa da kashin tsuntsaye, kowa na shaƙarsa ba ya yi masa komai, sai wanda masu kiran jikinsa suka ƙare. Ta tambaye ni tun yaushe kan ke ciwo. Na juya na tambayi matan, suka ce ya kai sati. Likitar ta ci gaba da rubutu. Maganin da ake buƙata sai da aka aika Kaduna, muka sayar da sauran buhunan cittar da ke ɗaki. Jummai ta iso ta sami uwarta ba ta gane mutane. An yi iya ƙoƙari, ina shaida. Yaya Briskila ta cika wata ranar Alhamis da rana, mata na waƙa a baranda.

Ranar jana'iza zumunta ta jeru da anko a bakin kabari. Fasto ya ce mata su ba mu waƙa. Masu tulu suka ɗaga hannu, aka yi shiru, kowa na jiran wata ta fara. Sai da uwar zumunta ta daure ta ja wani layi da muryar kuka, sannan aka amsa.

Bayan kwana kaɗan, da hantsi, na shiga bayin Yaya in kwashe kayanta. Mama Saraya ta biyo ni da tsintsiya, don har lokacin ba a barin kowa shi kaɗai. Na ɗaga kwandon soso, robar ta faɗo ta gangara har gaban ƙafarta, ƙwayoyin na ƙara a ciki. Na kai hannu, ta riga ni. Ta buɗe, ta zuba ɗaya a tafinta, ta daɗe tana kallo. Mama Saraya ba ta iya karatu ba, kuma robar ba takarda a jikinta. Sai ta jingina tsintsiyar da bango, ta kwance bakin zanenta inda tsofaffi ke ƙulle kuɗin cefane, ta warware wata 'yar leda. Ƙwayoyi ne a ciki, irinsu ɗaya sak.

Ta ce, "Malama, tun yaushe?"

Na gaya mata. Alkawarin ya riga ya bi mai shi. Na gaya mata har maganar akwatin Yakubu da makulli.

Ta zauna a kan bokitin da aka kife. Ta ce, "Lokacin makokin Yakubu? Lokacin da ni ina kwana da shi a katifa ɗaya?" Na ce e. Ta ce, "Yesu. Maganin yana nan a zane na. Kullum yana nan. Ina juya masa baya in haɗiye da miyau don kada ya ji. A nan asibitin baya nake karɓa, shekara da shekaru, in sa daddawa a kai kamar talla na je. Da ya ce mini uffan, da na raba masa nawa, da na kai shi da kaina." Ta dubi ƙwayar da ke hannunta ta ce, "Ni ina tsoro shi mai waƙa ne, mutumin Allah, zai ce a canza mini katifa."

Ba mu yi kuka da ƙarfi ba, don akwai mata a falo.

Jummai ta yi aurenta. Ta gaya wa mijin komai da bakinta kafin ranar, bai fasa ba. Ni ce dai na kasa komawa yadda nake. Ba na cewa a daina zaman makoki, ba na cewa a daina jinyar juna, wanda ya ga abin da matan nan suka yi wa yayata ba zai ce haka ba. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Kafin ku kulle ɗakin mamaci, ku bar matarsa ta shiga ita kaɗai ta fito, kada ku tambaye ta me ta ɗauka. In mara lafiya ya ce mutum ɗaya zai raka shi asibiti, ku bar shi da mutum ɗayan. Wanda kuma ke shan wannan magani, ko me ya faru, ko wata nawa ya tsallake, ya koma, faɗan nas ba ya kisa.

Shi ya sa nake korar mata daga ɗaki da safe. Nakan ajiye kofin ruwa kusa da katifa, in jawo ƙofa, in tsaya a waje, kuma ban taɓa tambayar abin da aka yi da ruwan ba. Uwar zumunta har yanzu tana cewa ban da kunya. Amma da na shigo, kafin in buɗe baki, Mama Saraya ce ke fara miƙewa, ta gyara ƙullin bakin zanenta, ta ce wa sauran, "Ku tashi mu ba shi wuri."